Hoton da Ya Yi Rawa a Ofishin Shugaba

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar taka, ya mutanen gida? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni labarin autarka da na samo wa aiki a sashenmu na gashin ƙashi. Tana lafiya, cikin ya shiga wata huɗu, amma hankalina bai kwanta ba. Muna da wata na'ura mai dumama tsoka ba da wuta ba, da ita muke gasa masu ciwon baya. Littafinta ya ce mai juna biyu ta nisance ta in an kunna. Teburin Auta kuwa taku biyu ne daga jikinta, labule kawai a tsakani.

Na kai wa shugaban sashe littafin, har shafin na buɗe masa. Ya riƙe shi da yatsu biyu kamar tsumma, ya ce karatu ya yi min yawa, shekararsa ashirin a nan ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Na ce, ranka ya daɗe, ai ciki ma ba ka taɓa yi ba. Bai yi dariya ba. Wannan bawan Allah fa ba ya leƙa ɗakin sai ya cire agogonsa, kada ya lalace.

Ina zaunar da Auta a bakin ƙofa in ba ya nan. In yana nan, sai addu'a.

Ƙaninka,
Mai Tabarau

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi, albishirinka: an ɗauke na'urar.

Kada ka yabe ni. Takardu uku na rubuta wa shugaban, duk suna ƙarƙashin kofin shayinsa. Sabon talabijin ya sayo, ya kafa a bangon da ya raba ofishinsa da ɗakinmu. Da mun kunna na'ura sai hoto ya kama rawa, ana tsakiyar ƙwallo. Kafin a tashi aiki, ƙarti huɗu sun kinkime ta zuwa ɗakin ƙarshe.

Washegari ya tara mu ya ce lafiyar ma'aikata ce ta hana shi barci. Aka tafa. Auta, baiwar Allah, har da ƙwalla ta je yi masa godiya.

In ta sauka lafiya, ka zo in kai ka ka gode wa wanda ya yi aikin. Yana nan manne a bango.

A gaida kowa.

Ƙaninka,
Mai Tabarau