Mai askina yana tara gashina

Baba mai shawara, don Allah ka taimake ni kafin Asabar, don in ta zo ban ji daga gare ka ba, ban san abin da hannuna zai aikata ba.

Ni zabiya ne. Na faɗa da wuri don ka gama kallona mu wuce wurin. Shekarata ashirin da uku, guga nake yi a shagon wanki, sana'ar inuwa, tunda ni da rana ba ma ga maciji. A aji uku na bar makaranta: ba na hango allo, malami kuma ya yanke hukuncin cewa kaina ne fanko. Karatun da nake rubuto maka da shi a shagon aski na koya, da tsofaffin jaridu, ina manna takarda a hanci kamar mai shinshinar ta.

Mai shagon ne damuwata. Baba Almakashi muke ce masa, shekara takwas yana min aski. Sauran masu aski da na shiga sai injinsu ya lalace, ina fita ya warke. Shi kuwa bai taɓa ware min tawul ba, bai taɓa ce min Bature ba, "na Baba" yake kirana.

Kwanaki na lura kafin in zauna sai ya share ƙasa tas, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashin kujera. Ba ya yi wa kowa haka. In an gama, ya naɗe ta a hankali kamar mai goyon jariri. Na ce to, shi ma ƙyamar ta riske shi da tsufa.

Makon jiya ya fita amsa waya, na jawo durowa ina neman abin karantawa. Ambulan ne jere, sun fi talatin, kowace da kwanan wata da rubutunsa. Na buɗe ɗaya. Gashina ne. Ta ƙarshe babu komai a ciki, amma an riga an rubuta mata kwanan watan Asabar mai zuwa, ranar askina.

Ga kuma wani mai sanƙo da ke zama a benci duk ranar askina. Baba mai shawara, me mai sanƙo yake jira a shagon aski? Ba ya magana, ba ya kallona sai ta madubi. Jiya da rana tsaka na gan shi tsaye a tsallaken titi, daura da wurin aikina, ba kayan wanki a hannunsa.

Na san abin da ake raɗe-raɗin ana yi da gashin irinmu. Mutanen da ba sa iya shan ruwa a kofin da na sha, su ne ke ganin arzikinsu a tsakar kaina ya tsiro! Ban gaya wa mahaifiyata ba, hawan jini gare ta. Wata zuciyar na cewa in fasa masa madubin a ka. Wata na cewa in na rasa shagon nan, ina kuma zan zauna a matsayin mutum?

Naka,
Mai Guga

Ɗana Mai Guga,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan ce maka zargi ne kawai ba.

Mu fara yi wa dattijon adalci. Mai yiyuwa an daɗe ana roƙonsa gashin, shi kuma yake kwashewa don kada a tsinta, ya rasa bakin gaya maka. Shekara takwas na mutunci ba abin yarwa ba ne. Sai dai mai tsaron abu yakan binne shi ko ya damƙa wa mai shi. Rubuta kwanan wata aikin mai ajiya ne. Wannan ya tsaya min a rai.

Don haka kada ka zauna a kujerar nan ranar Asabar. Kada kuma ka fasa komai: kana ɗaga hannu za a manta da ambulan, a ce zabiya ya haukace. Ka sami kawunka ko wani babba da ake jin nauyinsa, ku je da rana, lokacin da shago ke cike. Ka nemi a ba ka abinka, ka tambaye shi wane ne mai sanƙon. In dattijon mai tsaronka ne, zai miƙo yana jin kunya. In ya fara kame-kame, ka sami amsarka.

Ko ma wanne ne, ka kai rahoton mai sanƙon ga 'yan sanda, ka sanar da maigidanka na shagon wanki, ka daina tafiya kai kaɗai. Mahaifiyarka kuwa, gara ta ji daga bakinka a zaune.

In ta tabbata dattijon ya ci amana, zai yi ciwo, ka bar shi ya yi. Amma mutuncinka ba shi ya ba ka ba, da shi ka shiga shagon, da shi za ka fito.

Allah ya tsare ka, ya sa abin ya zo da sauƙi.