Kowa Ya Fito a Bidiyon

Litinin, 16 ga Disamba

Wayar ta iso. Ta huɗu ke nan a bana, amma wannan daban ce. Kyamara uku, tana janyo abu daga nesa har ka ƙirga gashin girar mutum. Na gwada ta a kan kyanwar maƙwabta. Matata Gordana ta taɓe baki, wai in ba ta tsohuwar ta riƙa tokare ƙofa da ita. Ba ta san daɗin abu ba.

Talata, 17 ga Disamba

Baba ya kira daga garinmu Cacak. Jibi slava, bikin waliyyin gidanmu. Ya ce in zo da wuri, in sa farar riga. Hannunsa ya fara rawa, don haka bana ni zan juya gurasar bikin tare da shi da fada, limamin cocinmu, daga nan bikin ya dawo wuyana, yadda kakana ya miƙa masa. Na ce to, Baba, to. Gaskiya rabin hankalina na kan kwashe hotuna zuwa sabuwar waya.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na tafka abin kunya. Gobe zan rubuta.

Juma'a, 20 ga Disamba

Gida ya cika, ga kifi, ga wake, ga giyar nan tamu, rakiya. Aka kunna kyandir, haskensa ya sauka kan gurasar da Mama ta yi wa ado da tsuntsayen ƙullu. Na ce bari in gwada ɗaukar bidiyo, daƙiƙa goma kawai. Ni, ƙato mai shekara arba'in da ɗaya, na haye kujera a kusurwa don in samu ɗauka mai kyau.

Fada ya yanka gurasa, ya zuba ruwan inabi, ya fara waƙa. Lokacin da ake son hannuna ke nan, ni kuwa ina can ina daidaita haske. Sai Zlatko, mijin ƙanwata, ya sa nasa hannun. Shi ya juya, shi ya karya, shi ya sumbaci Baba sau uku. Suruki fa, wanda ma waliyyin gidansu daban.

Kawu Milisav ya ce, "Sauko haka, mai hoto, an gama. Nawa ne kati ɗaya?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Mai gida ba ya zama ranar slava, yini yake a tsaye yana hidima. Da ciwon gwiwarsa Baba ya jawo min kujera.

"Zauna, Nenad, ka gaji."

Na zauna kamar kowane baƙo. Da ma mari ya ɗauke ni da shi.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na kalli bidiyon. Ba shi da makusa, tar da shi. A daƙiƙa ta arba'in Baba ya dubi hagu, ya dubi dama, hannunsa na rawa a ƙarƙashin gurasa. Wayar har muryarsa ta kama, a hankali yana kiran sunana sau biyu. Daga nan ya ɗago ya dubi kyamara. Ashe ni yake kallo, ni kuma ina kallon gilashi.

Na janyo fuskarsa. Da na sani ban janyo ba. Tsohuwar wayata da ba ta nuna wannan ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Na je gida. Baba da kansa ya ce in nuna masa bidiyon. Ya sa tabarau, ya kalla har ƙarshe, ya miƙo min da hannu biyu.

"Wayar nan ta iya aiki. Kowa ya fito."

Mama ta ja ni kicin. Wai tun sati guda kafin biki ya goge mazaunin kyandir na kakana, na tagulla, zai ba ni a gaban mutane. Yanzu ya mayar da shi cikin kabad. Maimakon haƙurin da na tsara a mota, sai na tambaye ta ko akwai sauran kifi.

Talata, 31 ga Disamba

An saki wata sabuwar waya, mai naɗewa. Na buɗe shafin, na rufe.

Litinin, 6 ga Janairu

Jajibirin Kirsimeti a kalandar cocinmu. Ba wanda ya gayyace ni, amma da sassafe ina ƙofar gida, na san Baba zai fita saro reshen itacen da ake ƙonawa yau. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi hannuwana. Wayar na bar ta a mota. Sanyi na cinye batir, shi ne kawai dalili.

A dawa ya miƙo min gatari. Rana na fitowa ta bayansa, ƙanƙara fara fat. Hoto ne na gaske. Na kai hannu aljihu, ba komai, sai na riƙe masa gwiwar hannu muka sauko.

Da zan tafi ya tura min wani abu mai nauyi naɗe cikin tawul.

"Kakin kyandir ya daskare a ciki. Ka kankare kafin baɗi."

Tun ɗazu nake kankara da ɗan cokali. Gordana ta ce ta kira ni sau biyar. Wayar na mota har yanzu, ƙiwar saukowa ce kawai.