Furannin Inna Ba Su Neme Ni Ba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Damina uku ke nan da muka rasa ki.

Shukokinki suna nan. Lallen da kika dasa a bakin makwararar wurin alwalar Baba ya wuce katanga, idan ya yi fure ƙamshinsa har gidan maƙwabta. Bishiyar kariyar da ke gindin rumbu ma tana ta fure a tsakiyar rani, ko ganye babu a jikinta. Kin sha cewa, "Ni ba ni da lokacin lallashin fulawa, wadda za ta rayu ba ni nake so."

Ni kuwa uwar iyayi, bayan tafiyarki na dinga kwarara wa ƙaramar kariyar da ke gefen babbar ruwa safe da yamma, har gindinta ya ruɓe. Da kina nan da na sha faɗa.

Inna, bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yaya Sani yana Legas, Hadiza tana ɗakin mijinta a Babura, sai dai waya. Ni ke juya shi, ni ke yi masa alwala a roba, in kai ruwan gindin lalle yadda kika saba masa.

Makarantar koyon jinya ta ba ni gurbi, ranar Litinin za a rufe karɓar ɗalibai. Duk wanda ya tambayi abin da ya hana ni tafiya, sai in yi dariya in ce wa zai kula da furannin Inna. Nauyi nake ji in ce Baba ne.

Watan jiya na gwada. Na bar shi a hannun ƙanwarsa Gwaggo Asabe, na hau acaɓa daga nan Gwiwa, na yi kwana huɗu a Kazaure wajen tantancewa. Wallahi na ji daɗi, Inna, har yanzu ina kunyar daɗin da na ji.

Da na dawo, ba wanda ya zuba wa shukokin ko ɗigo, amma babbar kariyar ta ƙara fure. Baba kuwa, Gwaggo ta ce tun da na fita ko kunu da ƙyar yake kurɓa, idonsa na ƙofa. Na shiga na zauna kusa da shi. Da hannunsa mai lafiyar ya riƙe nawa, ya ƙi saki.

Ina sonsa, Inna, kuma na gaji. Takardar shiga makarantar tana ƙarƙashin katifata, na kuma san Litinin a tsakar gidan nan za ta same ni. Duk abin da kika bari ya koyi rayuwa ba ke, ban da Baba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba Baba lafiya. Ni kuma Ya kiyaye zuciyata, kada wata rana ya ga gajiyar nan a fuskata.

Autarki,
Rabi