Ɗorawar Baba Ta Shiga Kasafi

Zuru, watan Yuni

Zuwa ga Yayana Aaron,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aikin soja, yaya zaman daji? Yaya ƙafar nan da ka ce ta warke, alhali na san halinka na ɓoye ciwo? Mama tana gaishe ka, kullum sunanka ne farko a addu'arta, ni da nake dafa mata tuwo ina can ƙarshe. Na rubuto ne don wayarka ba ta shiga, kuma abokin aikinka Philip ɗan Rikoto ya zo hutu, ya ce zai kai maka hannu da hannu.

Yaya, ana wata ga wata. Iskar farkon damina ta kwashe rufin makarantar unguwarmu, wadda Baba ya ba da gonarsa ta hanyar Manga aka gina. Kwanon a gonakin mutane aka tsinto shi, duk ya lanƙwashe. Yanzu ɗiyata Alice da 'yan ajinsu a gindin ɗorawar Baba suke karatu, da hadari ya haɗo sai a kora su gida.

Ranar Asabar hedimasta Malam Zakiyyu ya tara iyaye da masu unguwa, ya karanta mana kasafin kuɗin makaranta na shekara mai zuwa. Hukumar ilimi ta ɗauki nauyin kwano da ƙusa. Katako da bencina da ladan kafinta kuwa suna wuyanmu. Kwamiti ya zo da shawara biyu. Ta farko, a aza sabon haraji a kan kowane gida da kowace rumfar kasuwa ta 'yan unguwa, bayan wanda muke biya. Ba a gama faɗa ba wuri ya kaure, don ka san bana ko taki mutane ba su iya saya ba. Sai tsoho Yari, shugaban kwamiti, ya kawo ta biyu: wani mai yankan katako da gawayi daga Danko ya ga itatuwan ɗorawar Baba da ke filin makaranta, ya ce in an sayar masa da su duka, abin da zai bayar ya isa, ba sai an taɓa aljihun kowa ba.

Wallahi Yaya, ban taɓa sanin unguwarmu tana da idanu da yawa haka ba sai da suka juyo kaina.

Ka san al'ada. Wanda ya ba da ƙasa bai ba da itacen da ke kanta ba, kuma ɗorawa mai rai ba a kai mata gatari sai da bakin namijin gida. Ni da Mama mu ke roron 'ya'yanta, mu ke dafa kalwa, mu ke kai daddawa kasuwa, da ita muke ci, da ita nake biyan harajin rumfata. Amma a wannan magana bakinmu da na akuyar gida ɗaya ne. Na tashi na faɗa musu haka, Yari ya ce ai ya sani, shi ya sa suke roƙo in rubuto maka.

To, ga shi na rubuto. Ban ce ka yarda ba, ban ce ka ƙi ba. Ka dai faɗi wani abu, don kwamiti zai miƙa kasafin kafin a dawo daga dogon hutu.

Allah ya tsare ka gaba da baya.

Ƙanwarka,
Saloma


Zuru, watan Yuli

Yaya Aaron,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Mu dai da sauƙi, sai gwiwar Mama da ke tashi in an yi ruwa. Dawa ta yi kyau a gonar bayan gida.

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Philip ya aiko wa matarsa cewa ya ba ka takardata kafin a tura ku gaba. Na san ba hutu kake yi ba, na san inda kake ba wurin zama da biro ba ne. Amma ni ma inda nake ba wurin zama ba ne, kuma ni ba ni da bindiga.

Ka tuna Hafsat mai ƙosai, maƙwabciyarmu, wadda ta kwana da mu ranar da Baba ya rasu? Mijinta ya bar ta da yara, ga gida ga rumfa, wato haraji biyu ke jiran ta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na ji sauƙi. Zuwa ta yi ta zauna a kan turminmu, ta ce in aka aza harajin nan sai dai ta cire 'yan matanta daga makaranta su kama talla, don ba za ta iya biyan rufi ta kuma sayi littafi ba. Ta gama, ta gaishe da Mama, ta fita. Tun ranar in ta hango ni sai ta duƙa tana gyara wuta.

A kasuwa daddawata ta zama abar kallo. Masu saye na kullum suna wuce ni zuwa rumfar gaba. A coci an fara addu'a ta musamman domin masu taurin zuciya, kuma ba a kama suna ba, amma bencin da nake zaune ya yi fili har ana iya shanya a kai. Alice ta dawo da kuka, wai yara sun ce gidanmu ne ya hana su rufi. Ni kuwa na rasa wanda zan ji wa haushi. Malam Zakiyyu ba shi da laifi, yara yake so su zauna a inuwa. Yari ba shi da laifi. Hafsat ta fi kowa gaskiya. Sai na dawo gida in huce a kan tukwane.

In an sare, mu ne za mu zauna hannu rabbana. In ba a sare ba, unguwa ta biya, ta kuma riƙe mu a ciki har jikoki. Gaba kura, baya sayaki, kuma ba a ba ni ko damar zaɓar wanda zai cinye ni ba. Na gaji, Yaya. Ina jin tsoro, ina kuma jin haushinka, Allah ya yafe mini.

Sai batun Mama. Na tambaye ta ra'ayinta, ta ce yaushe aka fara tambaya. Abu ɗaya ta gaya mini wanda ban sani ba: wai Baba yana kwance a asibiti ya riƙe hannunka, ya sa ka yi alkawarin ba za ka bar gatari ya hau itatuwan nan ba. Gaskiya ne? In haka ne, ashe kai ma a ɗaure kake, ni ce nake ta ihu ban sani ba.

Ka aiko ko da kalma ɗaya ce. Alice tana gaishe ka.

Taka,
Saloma


Zuru, ƙarshen Agusta

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gode wa Allah da ya fito da ku lafiya. Saƙonka ya iso ta bakin matar Philip ranar Talata, cewa kada kowa ya taɓa itacen Baba, za ka zo bayan damina ka zauna da kwamiti da kanka. Na ji, kuma ban ga laifinka ba. Sai dai ka zauna kafin ka karanta sauran.

Lahadin da ta wuce, kafin saƙon ya zo, Mama ta ce gwiwa ta hana ta zuwa coci. Muka tafi muka bar ta. Muna tasowa na tarar ba ta gida, ƙaramin gatarinta ma ba ya inda take rataye shi. Hafsat ce ta rugo ba ko mayafi, ta ja ni zuwa filin makaranta.

Ka san mata suna da ikon ɗiban sassaƙe a jikin ɗorawa don magani, ba mai tambayar su, ba a neman bakin kowa. To, sassaƙe Mama ta ɗiba. Ta bi kowace ɗorawa ta sassaƙe ɓawonta, faɗin tafin hannu, ta kewaye gindin kaf har bakin ya haɗu. Tsohuwar da ba ta iya tsallake kwata, ita kaɗai ta yi wannan aiki. Hafsat ta ce ta hango ta a kan ta ƙarshe, ta yi ƙoƙarin ƙwace gatarin, Mama ta ce ta matsa, magani take nema wa unguwa. Na same ta zaune a ƙasa, tafin hannunta duk ya fashe, ta tara ɓawon a zaninta kamar mai shirin kai wa kasuwa.

Na yi mata faɗa, Yaya, faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ba a ba ta ikon cewa e ba, ba a ba ta ikon cewa a'a ba, amma ita ba ta yi wa kowa alkawari a asibiti ba. Ta ce itacen da aka kewaye ya riga ya mutu, matacce kuwa ba ya jiran bakin namiji. Ɗanta bai karya alkawari ba, ɗiyarta kuma za ta iya shiga kasuwa. Daga nan ta ce in kama ta ta tashi. Ni da Hafsat muka riƙo ta, Hafsat tana kuka fiye da ni.

Dattawa sun je sun duba, sun ce haka ne. Kwamiti ya soke harajin, ya miƙa kasafin da shawara ta biyu. Mai katako ya yarda ya ba da kuɗin yanzu, ya sare in rani ya yi. Kafinta ya fara awo. Mutane sun dawo gaishe ni har da durƙusawa. Kalwar da ta rage a rumbu za ta kai mu Kirsimeti. Bayan nan ban san abin da zan aza a rumfata ba, harajinta na da kuwa yana nan, ba a soke shi ba.

Mama ta ce kada in gaya maka, wai ka iso ka huta tukuna. Ban iya ba. Dalilina shi ne, in ka sauka a mota ta hanyar Manga, itatuwan za ka fara hangowa. Suna nan tsaye, ganye shar, sun fi bara kyau saboda ruwan bana, yara masu darasin hutu ma suna karatu a inuwarsu. Kada ka yi murna, Yaya. Kuma in ka shigo gida, kada ka tambaye ta abin da ya sami hannunta.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Saloma