Wasiƙar da Hedimasta Ya Rubuta wa 'Yata

Goggo Zulai, ki taimake ni kafin in aikata abin da majami'armu za ta shekara tana labarinsa.

Ni mai sayar da doya ne a Kasuwar Jalingo. Aji huɗu na yi a firamare, shi ma na huɗun rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi. Turancina bai wuce na gaida ɗan sanda ba. Amma Allah ya ba ni 'ya, Joan, ta gama sakandare, ta koyi buga tafireta. Da aka ba mu jiha bara, ofisoshi suka buɗe, na ce ita ma ta nema. Ta ce za ta rubuta wasiƙar da kanta. Ni kuwa, mai ilimin nan, na hana. Na ce aikin manya ne. Na ɗaura doya shida a keke na kai wa Baba Zacchaeus, tsohon hedimastanmu na Iware, wanda ya yi karatu a hannun Turawan mishan.

Kwana uku yana rubutu. Da ya karanta mini ban gane ko kalma ɗaya ba, don haka na tabbata ta yi kyau.

Joan ta kai wata ma'aikata. Akawun ya karanta layi biyu, ya kira abokan aikinsa, ya hau kujera ya karanta musu da muryar fasto. Wai Baba ya kira ta "damsel", ya ce yana "beseech" ɗin su. Akawun ya ce mai irin wannan Turanci na ƙarshe ya koma Ingila tun kafin a haife shi. Ta dawo tana kuka, ba aiki. Mako biyu ke nan ba ta ko zuwa kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a.

Goggo, ni nake riƙe makirfo a bikin godiyar kaka na majami'a, don ni ne mai ba su dariya. Baba a kujerar gaba yake zama. Na haddace wasiƙar kamar aku, na aro kwat da tabarau irin nasa, har tarinsa na iya. So nake ya ji abin da 'yata ta ji, a gaban waɗanda ya taɓa zanewa da bulala. Matata ta ce in na yi, in nemi mai dafa mini tuwo. Ke me kika gani?

Ɗan Aji Huɗu, Abbare

Malam Ɗan Aji Huɗu, na yi dariya, na kuma ji zafin kukan Joan. Fushinka yana da dalili, amma ka ɗora shi a kan wanda bai dace ba.

Na duba kalmomin nan. "Damsel" budurwa ce mai mutunci, "beseech" kuwa roƙo ne da ƙasƙantar da kai. Ba zagi a ciki. Tsufa kawai suka yi, har masu harshen sun daina faɗinsu sai a tsofaffin littattafai. Baba ya zaɓo mata mafi tsadar abin da ya mallaka. Laifinsa shi ne bai san ofis ya canza ba, kuma ya kamata ya ba Joan ta duba. Rashin tarbiyya na akawun ne. Hana ta rubutawa kuwa, kai ka faɗi na wanene.

Ka tuna sunan wa ke cikin wasiƙar. Yanzu 'yan ofis ɗaya ne kawai suka yi wa 'yarka dariya. In ka hau makirfo, majami'a duka za ta san an ƙi ta, kuma yaran Abbare za su riƙa kiranta da sunan nan har ta yi jika.

Ka mai da kwat ɗin. Joan ta buga wasiƙarta da kanta, gajera, da Turancin da ta koya, ta kai wata ma'aikata. Baba ya sa hannu a ƙasa a matsayin mai shaidar halinta, don sunansa yana da nauyi wurin manyan da ya koyar. Kafin nan ka zauna da ita ka ce, "Ni na hana ki, ki yi haƙuri." Wannan ba ya bukatar Turanci.

Allah ya ba Joan aiki, ya huci zuciyarka. A gaida mamanta.

Goggo Zulai