Alƙalamin Bahago

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta da ta daɗe ba ta sa shi a ido ba, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nemanku, Ya raba ku da ciwo da kaɗaici. Mu a nan alhamdu lillahi. Gwaggo tana nan da ƙafarta da mitarta, ba wadda ta ragu a cikinsu. Mai gyaran agogo na kusa da shagonmu ya aurar da autarsa, yanzu ba shi da abokin faɗa sai ni. Baba kuma yana ci yana sha, sai dai hannunsa ya fara rawa, kuma yakan daɗe zaune a bakin taga yana kallon titi kamar wanda aka ce masa jira ni nan. Ka yi haƙuri da kartar da za ka gani a rubutun nan. Akwai dalilinta, zan zo kansa.

Na san ka ji labarin dokar afuwa ga waɗanda aka kora daga ƙasa, don ko a inda kake ba a rasa rediyo. Amma akwai abin da rediyo bai faɗa maka ba, shi nake so ka ji daga bakina. Kafin ranar sa hannu, jami'in fadar shugaban ƙasa ya zo shagonmu na gyaran alƙalami da baƙar jakar nan tasa, ya fito da akwatin, ya ajiye a kan tebur. Alƙalamin shugabanni ne, Yaya, wannan dai baƙin mai bakin zinariya da kowane sabon shugaban ƙasa ke gada daga na gabansa. Kana tune da yadda Baba kan hana mu numfashi kusa da shi? Mukan leƙo ta bayan labule muna raɗa, kowa na faɗin dokar da zai kafa in aka ba shi aron sa. Ni na ce zan hana zuwa makaranta duk ranar da aka yi ruwan sama. Kai kuwa ka ce za ka sa hannu a kawo teku har ƙarshen layinmu, jiragen ruwa su riƙa wucewa ta ƙofar shago, muna sayar wa matuƙansu tawada. Har yau in ruwa ya cika kwatar layin, nakan tsaya in ga ko jirginka zai ɓullo.

Ka san aikin. Bakin alƙalamin tawada yana cinyewa ne daidai da yadda mai shi ke riƙe shi, har ya zama ba ya jin daɗin hannun kowa sai nasa. To in an yi sabon shugaba, sai a kawo wa Baba ya goge hannun tsohon a kan dutse, ya mayar da bakin sumul don ya koyi sabon hannu. Baba yakan ce duk cikin alƙaluman da ya taɓa gyarawa, wannan ne ya fi ba shi tausayi, don shi kaɗai ne ba a bari ya riƙe kowa. Ga zinariya, ga akwati mai laushin ciki, ga soja yana gadinsa, amma ba shi da nasa mutum. Ya fi ganin darajar alƙalamin nan mai tsagaggen murfi na malamin lissafi, wanda ya tsufa a hannu ɗaya.

Tun da hannun Baba ya fara rawa ni ke yin aikin dutse, saboda haka na jawo kujera na ɗauki madubin dubawa. Sai na ji ya dafa kafaɗata, ya ce in tashi. Na yi masa magana a hankali, na tuna masa cewa in bakin ya lalace ba mu da wani. Bai ko kalle ni ba. Ya zauna, ya kafa madubin a ido, ya daɗe yana duban bakin alƙalamin. Hannun da ke kan bakin, Yaya, na tsohon shugaba ne, mutumin da ya sa hannu aka rufe maɗaba'arku, aka sa sunanka cikin waɗanda ba su da sauran wurin zama a ƙasar nan. Ina tsaye a wurin, ranar da ka ce wa Baba shi ne ya wasa wuƙar da aka yanka ka da ita. Ban kawo maganar don in ɗora maka laifi ba, ranka a ɓace yake, kuma akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ta yi masa zafi. Bai taɓa maimaita ta ba, bai kuma taɓa ajiye ta ba.

Ban san yadda zan kwatanta maka wannan hantsi ba. Rana ta shigo ta tagar gaba ta faɗa kan kwalaben tawada, shuɗi da ja da kore suka zubo a bango suna motsi, har shagon ya zama kamar muna zaune a ƙarƙashin ruwa. Hayaniyar titi ta yi nisa. Ba abin da ake ji sai ɗan sautin zinariya a kan jiƙaƙƙen dutse, sannu sannu. Da ya ɗora bakin a kan dutsen, rawar hannun ta tsaya cak, na rantse maka. Ina kallonsa sai na ga kamar shekarun ne yake gogewa, furfurarsa na komawa baƙi, Inna tana raye tana kiranmu daga ciki, kai kana kan benci da tawada har gwiwar hannu. Da ya gama ya gwada shi a takarda yadda ya koya mana, zagaye da zagaye kawai, don mai gyara ba ya rubuta kalma da alƙalamin wani. Sannan ya wanke shi, ya mayar cikin akwati, ya ce wa jami'in ya gaishe da mai sabon hannun. Bayan mutumin ya fita, rawar ta dawo, ko kofin shayi sai da na riƙe masa.

Ranar sa hannu mun taru a shagon mai agogo don talabijin ɗinsa ya fi namu girma. Kowa na kallon fuskar sabon shugaba, Gwaggo tana cewa wuyan rigarsa ya karkace, Baba kuwa ya matsa har hancinsa na neman taɓa gilashi, shi alƙalamin yake kallo. Tsoronsa kada tawada ta tsaya a tsakiyar suna, ko ta ɗiga ta ɓata takardar. Ta zubo lafiya lau, tun daga harafin farko har jan layin ƙarshe. Mutane suka yi ta tafi, shi kuwa ya koma kujera ya share ido da hularsa, ya ce yanzu Bahago zai iya dawowa. Rabon da in ji ya kira ka da wannan suna tun kana gida.

Daga ranar ya shiga jira. In mota ta tsaya a layin sai ya gyara zama. Ya sa na share ɗakinka na fitar da kwalayen da muka tara a ciki. Damina ta wuce, ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Na san kana da aiki, yara suna makaranta, kuma mutum ba ya tattara shekaru ya zuba a jaka cikin yini ɗaya. Amma ni da kai mun san ba doka ce ta rage a tsakani ba. Maganar da ta rage ba a fada aka sa mata hannu ba, a shagon nan aka faɗe ta, a gaban teburin nan.

To ga dalilin kartar. Alƙalaminka da ka bari, koren nan da Baba ya gyara wa baki don hannun hagu, yana aljihun tebur tun tafiyarka. Lokaci lokaci yakan fito da shi ya wanke da ruwan ɗumi, ya shanya, ya mayar, amma bai taɓa bari ya taɓa takarda ba. Ni kaina na sha faɗa a kansa, wai zan ɓata masa hannunka. Shekaranjiya da safe na ce masa zan rubuto maka, sai ya buɗe aljihun tebur ya cika shi da tawada da kansa, rabi a ciki rabi a kan tebur, ya miƙo mini. Na ce, Baba, ai na Yaya ne, ni kuma da dama nake rubutu. Ya ce: "Na sani, Auta. Na gaji da tsare masa wuri ni kaɗai. In yana son hannunsa, ya zo ya karɓa kafin ya koyi naki."

Da shi nake rubuta maka. A shafin farko ya yi ta gardama da ni, yana kartar takarda, yana tofar da tawada, kai ka ce kai ne ake aika kasuwa. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ga Yaya ya zo. Amma duba layukan nan na ƙasa da kyau. Tun daga wajen labarin talabijin ya daina karta, yana tafiya sumul kamar nawa. Na san zinariya ba ta cinyewa cikin 'yan shafuka, wataƙila ni ce na karkata hannuna ban sani ba. Duk da haka tsoro ya kama ni, Yaya, har sai da na ajiye shi na ɗan zauna. Zan rufe murfin yanzu, ba zan ƙara ko layi ɗaya da shi ba bayan sunana.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce ina godiya da yadda take riƙe da kai. Ka shafa mini kan takwarar Inna da ƙanenta mai haƙoran gaba biyu, waɗanda har yau a hoto kawai kakansu ya san su. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce in ka tashi zuwa ka taho mata da maganin ƙafa. Mai agogo ya ce agogonka yana nan yana tafiya. Baba bai ba ni saƙo ba, yana bakin taga.

Taka har kullum,
Auta