Layi Biyu a Cikin Littafin Waƙa

Mount Druitt, Sydney
Alhamis

Yaya Lesieli! Wai ina kika shiga ne? Sau uku ina kira ba ki ɗauka ba, shi ya sa na ce bari in zauna in buga miki da ɗan yatsana ɗaya, ki yi haƙuri da rubutun.

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna Seini, ya ƙafar tata? Ya maigidan da yara, ya mutanen coci? Mu nan sai godiyar Allah.

Jibi Asabar za mu shiga jirgin ruwan, ni da Mama da 'yata Kalolaine. Baban Kalo bai samu hutu a wurin aiki ba. Ranar Juma'a ta sama da safe jirgin zai tsaya can gida wurinku a Nuku'alofa, yini ɗaya tak, da yamma ya wuce. Na san ya yi kaɗan, to ya za mu yi? Likita ya ce zuciyar Mama ba za ta ɗauki jirgin sama ba har abada. Shekara goma sha tara rabon da ta ga yayarta Inna Seini. Mama tamanin da uku, Inna casa'in da ɗaya, ke ma kin san ba sai na ƙarasa ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne gwajin koronar nan. Sun ce ba mai shiga sai ya nuna ba shi da ita. Na je kemis na sayo kwali ɗaya mai guda biyar, irin wanda ake zura tsinken auduga a hanci. Sai matar fasto ta ce min wai na kemis ba ya yi, sai wanda likita ya tsaya a kanka. Na kira kamfanin jirgin, suka sa min kiɗa a kunne har doyata ta ƙone a kan wuta. Kalo ta karɓe takardar ta ce, "Mama, ke fa ba kya karanta abu sai ki tambayi duk unguwa. Ga shi a rubuce, na kemis ya yi. A yi shi ranar tafiya, a ɗauki hotonsa kusa da fasfo, agogo na nunawa." Na ce to malama, mun ji. 

Mama kuwa ta gama shiri tun makon jiya. Ta naɗe tabarmar aurenta, irin wadda muke ɗaurawa a ƙugu ranar biki, ta ce da ita za ta sauka. Ki ce wa maigidan kada ya yanka aladen tun da wuri kamar wancan karon.

Ki shafa min kan Inna.

Taki,
Fololina

A cikin jirgi
Asabar da yamma

Yaya, barka da yamma, da fatan kowa lafiya. Mun shiga. Ki faɗa wa Inna ƙanwarta tana kan ruwa.

Sauran maganar ke kaɗai nake gaya wa, ki goge in kin karanta.

Yau da safe na yi mana gwajin, na jera su uku a kan teburin cin abinci bi da bi, na Mama, nawa, na Kalo. Ban rubuta suna ba, me zai sa, ai na san jerin da na yi. An ce a jira minti goma sha biyar. Ko biyar ba a yi ba sai ga Melenaite, yayar Baban Kalo, ta zo sallama da kwali biyu na saƙon da za mu kai wa danginsu. Ke kin san gwaggon yara ba a barin ta a tsaye, balle ta zauna gaban tebur da abin da aka zura a hanci. Hannu ɗaya na share su na zuba a robar da ke kusa, na shimfiɗa mayafin tebur mai kyau, na kawo shayi da gwaza da naman gwangwani. Ta zauna ta yi ta bayani, wannan na wane ne, wancan kada a ba wance. Ta dube ni ta ce, "Fololina, kin ƙara ƙiba, anya jirgin zai ɗauke ki?" Na yi dariya, me zan ce.

Da ta tafi na leƙa robar. Biyu layi ɗaya ɗaya. Ɗaya kuwa layi biyu, Yaya, alamar korona. Na biyun siriri kamar gashi, amma yana nan. Kuma sun cakuɗe, ban san na wa ba ne.

Kalo tana wanka. Motar coci da za ta kai mu tashar jirgi tana waje tana ta hon. Saura gwaji biyu a kwali, mu kuma mu uku. Na cusa mai layi biyun a cikin littafin waƙata na jefa a jaka. Da Kalo ta fito na ce gwaggonki ta sa na haɗa naki da na kakarki, ku sake, nawa dai na gane shi. Suka sake. Duka biyu layi ɗaya. Ni kuma na ɗauki ɗaya daga cikin na farkon na ajiye kusa da fasfona, Kalo ta ɗauki hoto.

Kada ki ce min komai, na iya lissafi. Amma ai lokacin ya wuce sosai kafin in duba, kuma takardar ta ce in ya daɗe ba a yarda da shi. Robar ma da sauran madarar kwakwa a jikinta. Ni ba tari, ba zazzaɓi, garau nake. In na tsaya wa zai yi wa Mama wanka, wa ya san lokutan maganinta? Ba za ta tafi ba ni ba, kin sani.

A tashar kuwa wata yarinya ta kalli hoton a wayar Kalo, ko ƙiftawa biyu ba ta yi ba, ta ce, "A sha hutu lafiya!" Shi ke nan. Ashe na kemis ɗin ya yi. Kwana nawa ina fargabar za su ƙi shi, yau kuma da suka karɓa sai na ji da ma sun tsaya sun duba.

Ɗakinmu yana can ciki, ba taga. Mama ta ce kamar akwatin gawa mai gado uku. Ki sa mu a addu'a.

Fololina

Talata

Yaya Lesieli, ina yini. Ya Inna? Na ga hoton da kika turo tana gwada rigarta, na yi kuka.

An kulle ni. Ranar Lahadi da rana na sa kifi a baki na ji kamar takarda nake tauna. Na yi ta barbaɗa gishiri, Kalo ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, teku kike son haɗawa a faranti?" Kafin Litinin zazzaɓi ya rufe ni. Ita ta kira asibitin jirgin, ban hana ta ba. Wata nas ta zo, sunanta Marivic, 'yar Filifin, ta rufe jikinta da leda har ido. Layi biyu, wannan karon ja wur, ba sai an kai kusa da fitila ba. Ta tambaye ni yaushe na fara ji, na ce jiya. Ba ƙarya na yi ba, amma ba gaskiya ba ce duka.

Kalo ba ta da shi, sun mai da ita wani ɗaki. Suka ce Mama ma ta bi ta. Mama ta zauna a bakin gado ta ce, "Wa zai cuɗa min baya? Jikar nan tawa mai faratan roba? Nan nake." Da Turanci, da roƙo, da likita, ta ƙi. Suka sa ta dangwala hannu a takarda suka bar ta.

To ga mu. Taku huɗu daga gado zuwa ƙofa, na ƙirga. Ina kwana da takunkumi, ina juya mata baya in zan yi tari, ɗakin kuwa numfashi ɗaya ne muke ta miƙa wa juna. Ban san safiya ba sai an ƙwanƙwasa. Sau biyu suke bugawa, ƙwas ƙwas, su ajiye abinci a ƙasa cikin jakar takarda, kafin in buɗe sun gudu. Akwai talabijin da ke nuna goshin jirgin, a nan muke ganin teku. Muna cikinsa amma sai a talabijin. Jiya an tsaya a wani tsibiri, mun ji ƙafafun mutane suna fita suna dariya.

Marivic ta ce za ta riƙa gwada Mama kowace safiya. In ta ci gaba da layi ɗaya har Juma'a, ƙila likita ya bar Kalo ta sauka da ita a keken guragu. Ni dai ba ni ba sauka, na haƙura, ban cancanta ba ma. Yau nata layi ɗaya. Saura biyu, sai ta Juma'ar.

Dazu na ji a lasifika ana cewa masu tari su kira asibiti. Na tuna wata tsohuwar Baturiya da muka zauna tebur ɗaya ranar Asabar, ta miƙo min man shanu, ta ce mijinta ya rasu bara. Ban san sunanta ba. Littafin waƙar yana jaka, na kasa buɗe shi ko don in yi addu'a.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Fololina

Juma'a da safe

Yaya, ina kwana, kun tashi lafiya? Ki karanta wannan da sauri kafin ku fito.

Mama ba za ta sauka ba. Jiya nata ya nuna biyu. Jikin da sauƙi, ɗan tari ne da kasala, likita ya ba ta magani kuma yana auna numfashinta sau uku a yini. Kada ki tsorata.

Da Marivic ta fita na durƙusa a gabanta na ce, Mama ni ce, tun daga gida na zo da shi, na ɓoye. Na ɗauka za ta mare ni. Ta ce, "Tashi, gwiwarki ba ta da kyau. Kin ɗauka ban gan ki kina cusa shi a littafin waƙa ba? Idona ne ya tsufa, ba hankalina ba. Na gani, na yi shiru, don ina son in zo. Mu biyu muka yi." Yaya, na yi kuka har takunkumin ya jiƙe.

Sai shaiɗan ya sake zuwa min, na ce wa Mama ko mu roƙe su, ta sa takunkumi biyu, minti goma kawai ta rungume Inna. Ta harare ni ta ce, "Shekara goma sha tara ban kai wa Seini komai ba, sai in fara da wannan? Mun riga mun raba wa mutanen jirgi, ya isa."

Da Marivic ta dawo da rana na fito da gwajin daga littafin na miƙa mata, na faɗa mata komai, har da hoton da ba nawa ba, har da teburin da muka ci abinci da Baturiyar nan.  Ta ce dole ta rubuta, na ce rubuta, ko me za su yi min su yi. Ta rubuta. Sai ta ga tabarmar Mama a kan gado ta tambaya ta mece ce. Mama ta ba ta labarin Inna tun daga yarinta, ina fassarawa. Marivic ta ce ita ma shekara uku rabonta da uwarta. Ta ce akwai wani ɗaki mai baranda a hawa na takwas, ɓangaren da zai fuskanci tudu, mai shi zai fita daga killacewa yau. Ba ta yi alkawari ba, ta ce sai babban likita ya sa hannu.

Saboda haka ku zo, Yaya. Ku zo da Inna a kujerarta, ku kai ta iyakar inda masu gadi za su bari. Ku ƙirga hawa takwas daga ruwa, ku duba wajen bayan jirgin. In mun samu zan rataya jan zanina mai farar fulawa. Kalo za ta sauko da kwalayen Melenaite, an sake gwada ta ba ta da komai, ku rungume ta a madadinmu. Aladen ku ci, kada ku rage mana, ba za su bari a shigo da shi ba, ni ma ba ɗanɗano nake ji ba.

Jirgin ya daina motsi. Muna jin kakakin 'yan tarba ta jikin bango, can ƙasa ƙasa. Mama ta gane waƙar. Tun asuba ta sa na yi mata wanka, na shafa mata man kwakwa, na ɗaura mata tabarmar a ƙugu. Har takalmi ta sa. Tana zaune a bakin gado tana kallon ƙofa, ta ce in gaya miki ki ce wa Seini ta sa tabarau, kada ta je tana ɗaga wa wata tsohuwar hannu.

Ki ce mata kuma ta yafe min, zan

Ana ƙwanƙwasawa. Ba bugun masu abinci ba ne, mai shi bai gudu ba, kuma ina jin ƙarar tayar keke. Mama ta miƙe da kanta. Hawa na takwas, Yaya, jan zani